Waƙar Ragon Lawali

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ga mu mun matso.

To, a Matamaye aka yi wani mutum ana ce da shi Lawali. Da damina manomi ne. In an kai gero rumbu kuma sai ya ɗaure 'yan tsummansa ya bi ta Ɗan Barto ya tafi cin rani Kano, inda yake dafa shayi a bakin wata tasha. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Abu guda ke gare shi: ba ya son a ga gazawarsa. Ko yunwa ta kwana da shi, da safe sai ya fito ƙofar gida yana sakace.

Shekarar da matarsa Habsatu ta haifa masa 'yarsu ta fari, Fati, haihuwar ta iske shi aljihu a bushe. 'Yan uwa suka ce ya yanka ɗan akuya a wuce wurin, Allah na ganin zuciya. Ya ce shi 'yarsa ta fari ba za a raɗa mata suna da abin da ake ɗauka a hammata ba. Ya tashi ya tafi gidan Hajiya A'i, wata dattijuwa mai turke raguna tana sayarwa, ya nuna wanda ya fi kowanne wuya, fari, mai ƙaho a murɗe. Aka yi ciniki a kan in ya komo daga Kano zai biya. Aka yi suna, aka ci nama har maƙwabtan maƙwabta, kowa na sa albarka yana lasar hannu.

Ya je Kano, ya komo da radiyo mai rigar fata, da baƙin tabarau, da agogon hannu. Kuɗin rago kuwa ba su cikin kayan. Hajiya ta aika, ya ce gobe. Ta sake aikawa, ya ce bayan kasuwa. Ta zo da ƙafarta ta yi sallama, sai ya ƙara wa radiyo murya. Hajiya ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara wurin mai unguwa ba. Ta gyara mayafinta ta wuce gidan Ma'u.

Ma'u zabiya ce, amma ba da waƙar biki take ci ba. In bashi ya gagari mai shi, sai ya kai mata, ta ba shi rabi a hannu, bashin ya zama nata, ita ta san yadda za ta fiddo shi cikakke. Ba ta da sanda, ba ta da dogari. Ƙwarya biyu gare ta, da 'yan amshi uku, da murya wadda in ta ɗaga ta a bakin kasuwa har masu tafiya hanyar Kance suna waiwaye. Kuma ba ta zagi. Takan ce zagi aikin marasa sana'a ne, ita tambaya kawai take yi.

Da hantsi, lokacin da mata ke komowa daga rijiya, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Lawali, ta kife ƙorenta, ta soma:

Lawali, Lawali, ina rago?
Rago ya shiga tukunya.
Lawali, Lawali, ina kuɗi?
Kuɗi na Kano suna barci.
Mai rago na riƙe da igiya,
Igiya ba ta cin dusa.

Ranar farko Lawali ya fito ya yi dariya tare da mutane, wai shi ya san wasa. Rana ta biyu bai fito ba. Ta uku ya ɗauki radiyo ya lulluɓe shi da riga ya kai kasuwa, ya komo ya zube wa Ma'u kuɗinta a kan tabarma. Ta sa masa albarka sosai, ta tambayi lafiyar mai jego, ta tattara ƙorenta ta tafi.

Shi a zatonsa magana ta mutu. Amma waƙar ta riga ta tsallake katanga ta faɗa cikin turmi. Ai kun ji yadda take: tambaya taɓarya ta hau, amsa taɓarya ta sauka. Kamar don daka aka yi ta. Kafin mako ya zagayo babu gidan da 'yan mata ba su surfe da ragon Lawali.

Kowa a Matamaye ya san tsawon ran waƙar Ma'u: damina bakwai. Ba ita ta yanke ba, ba sarki ya yanke ba. Abin da ke faruwa shi ne, 'yan matan da suka kama waƙa tana sabuwa su ne masu ita. Suna girma ana kai su ɗaki ɗaya bayan ɗaya, wannan Tsauni, waccan Yauri, wata Kance. Ƙannensu kuwa ba su son waƙar yayye, tasu suke nema. In damina bakwai ta cika, sai ka ga babu mai ita a gari, ta bi ruwa. To cikin shekarun nan, ko ka biya ko ba ka biya ba, babu mai ba ka bashin ko goro guda. Kuma ba ce maka za a yi a'a ba. In Lawali ya tsaya gaban mahauci ya ce a yanka masa na dala goma ya kawo anjima, sai mahauci ya dubi sama ya soma ƙwanƙwasa wuƙa a kan katako, ƙwas ƙwas, ƙwas ƙwas, daidai kiɗan. Mai shago da yatsa yake yi a kan tebur. Lawali ya ce ai wasa yake, ya fiddo kuɗi ya biya.

Damina biyar ya yi a haka, kuɗi a hannu, kaya a hannu. Shayin Kano na rufa masa asiri. A hankali mahauci ya daina ƙwanƙwasa wuƙa, mai shago ya manta. Saura ƙiris.

Sai ga shekarar nan da sama ta hana. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a can ƙasar su Kano, aka kuma rufe iyaka. Lawali ya je har Ɗan Barto da butar shayinsa aka komo da shi. Aka ci abin da ke rumbu, aka share ƙasan rumbu, aka sayar da awaki. Daga ƙarshe Habsatu ta sa hannu cikin rufin ɗaki ta sauko da zangarkun da aka ware don iri, ta dake su tana kau da kai, suka ci. Gona ce da Lawali ta gado, babba, a hanyar Yauri. Amma in ruwa ya sauka ba ka da abin zubawa a rami, gona fili ce kawai. Wanda bai shuka ba bana, baɗi sai ya jinginar da ita, kuma gonar da ta shiga jingina a irin wannan shekara ba ta cika komowa ba.

Da bazara ta matso sai labari ya zo cewa wani ɗan kasuwa na Damagaram, Alhaji Ummaru, zai kawo irin gero cikin kamyo, wato babbar motar kaya, ya ba manoma bashi, a biya da kaka. Amma fa ba kowa ba. An ce Alhaji ba ya tambayar mutum halinsa, don kowa waliyyi ne a bakin kansa. Zama yake a kasuwa ya tambayi mahauta da masu fura da masu awo, ya kasa kunne. Wanda aka ji ƙurar bashi a sunansa, sai ya koma da buhunsa a ninke.

Ran da Lawali ya ji labarin, a hanyarsa ta komowa gida, ya bi ta gindin wata katanga, sai ya ji taɓarya, da wata murya tana gunguni a ƙasa-ƙasa. Jamilatu ce, 'yar maƙwabcinsa. Rabin waƙar ma ta manta, inda ta rasa kalma sai ta cika da hanci. Amma Lawali ya ji sunansa. Ya tsaya kamar an kafa shi. Ya shiga gida ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce da Habsatu yau zai je a cire waƙar nan daga garin nan kafin Alhaji ya zo.

Habsatu na tsince ganyen jiga a faifai. Ta ce, "Baban Fati, bar ta. Waƙar nan kwance take, numfashi kawai take ja. Jamilatu kaɗai ta rage cikin sa'o'inta, ita ma an sa ranarta, Tsauni za a kai ta kafin ruwa. Kai dai ka yi shiru."

Ya ce shiru shi ya yi shekara shida, me ya samu? Shi ya biya, har radiyonsa ya tafi a kan maganar, kuma babu wanda ya taɓa waƙe wannan. Alhaji mutum ne mai kunne, in ya bi ta gindin katangar nan fa? Habsatu ta ce Alhaji da kamyo zai zo, ba bin gindin katangu zai yi ba. Lawali ya ce mata ba su san sha'anin kasuwa ba. Ta ce haka ne, su turmi suka sani. Ya ɗaura agogonsa ya fita.

Ya iske Ma'u zaune a inuwar zaure tana korar ƙuda. Ita ma shekarar ta taɓa ta. Basussukan da ta saya duk sun kwanta, don ko ka yi wa mutum waƙa har ta Mahadi, in ba shi da abin sayarwa sai dai ya taya ka amshi. Ta yi murna da baƙo. Ya gaishe ta, ya ce, Inna, a kan waƙar nan ya zo.

Ta ce, "Wace daga ciki, ɗana? Ai suna da yawa."

Ya ce ta rago. Ta yi tunani, ta ce akwai ta saniya, akwai ta keken ɗinki, ta rago kam ta ɓace mata, ya ɗan tuna mata farkonta. Lawali ya duba hagu ya duba dama, ya matso, ya rera mata da bakinsa a hankali, tun daga ina rago har igiya. Ma'u ta lumshe ido tana kaɗa kai. Da ya gama ta ce kai, ashe ta yi aiki mai kyau a shekarun baya. Ta ce muryarsa ma ba laifi.

Ya ce so yake ta janye ta. Ta ce ita dai bashi take saye, ba ta taɓa sayen waƙa daga bakin mutane ba, ba ta kuma san inda ake yi ba. Har ta gaya masa gaskiya irin ta Habsatu, cewa ya je gida ya kwanta, abin da ya kusa mutuwa ba a tashinsa. Ya ƙi. Ya ce in ba a janyewa, to a gyara, a ƙara mata baiti a faɗa wa duniya ya biya. Ya kwance agogonsa ya ajiye a gabanta. Ma'u ta dubi agogo, ta dubi tukunyarta da ke kife tun jiya, ta ce to, tunda ya matsa.

Ranar kasuwa ta fito da ƙorenta da 'yan amshinta. Kasuwar kuwa ta shekarar fari ce: mutane da yawa, kaya kaɗan, kowa fuska a ɗaure, an yi watanni ba a ga abin dariya ba. Ma'u ta buga ƙwarya ta ce yau ta zo wanke Lawali ne. Matasa suka ce wanke shi daga me? Baƙin ƙauye suka ce wane Lawali? Ta ga ai ba a gyara abin da mutane ba su sani ba. Sai ta ɗauko ta tun daga tushe, ina rago, ina kuɗi, da murya irin ta da, ta maimaita sau uku don a gane laifin sosai, sannan ta ɗora sabon baiti:

Lawali ya biya, ya biya,
Ya sai da radiyo ya biya.

Kasuwa ta ɗauka kamar an watsa wa kaji tsaba. Tsofaffi suka tuna, suna riƙe ciki. Mahauci ya nemo wuƙarsa. Ƙananan 'yan mata waɗanda ba su taɓa jin ta ba suka kewaye Ma'u, bakunansu na motsi. Lawali na tsaye bayan rumfar masu gishiri yana jira a zo wurin biya, yana ta gyaɗa wa mutane kai, wai su saurara da kyau.

Kafin la'asar kowane turmi a Matamaye na tambayar rago. Ga kuma inda abin ya ƙara lalacewa: shekarar, abin dakan ɗan kaɗan ne. 'Yar tiya guda, wani gidan rabi, wani gidan dusa ce ma. Kafin a kai ga igiya an gama daka, an ɗauke turmi. Baitin da Lawali ya saya da agogonsa yana can wutsiya, babu mai isa wurinsa.

Da ya shigo gida, Fati ta tarye shi da gudu tana tsalle, ta ce, "Baba, wai ragon sunana ne?" Habsatu ta dubi yarinyar, ta dubi mijinta, ta ɗaga yatsu bakwai, ta koma kan faifanta.

Mai hankali da ya tsaya nan. Lawali kuwa ya kwana yana juyi, da safe ya sa baƙin tabarau, abin da ya rage masa na Kano ke nan, ya ce tunda ƙasa a hannun soja take, zai kai maganar inda ake yanke ta da kalma ɗaya.

A lokacin akwai wani soja mai muƙamin ajidan da aka turo yana kula da rabon jar dawar taimako, dogo, mai gashin baki, wanda ba ya son komai a karkace. In ka fita daga layi da taki ɗaya sai a miƙa maka tsintsiya ka share filin rabo. Ranar kuwa layin ya miƙe har bakin hanya, mutanen Tsauni, da na Yauri, da na Ɗan Barto, ga direbobin kamyo na Damagaram zaune a inuwar motocinsu. Lawali ya ratsa ya durƙusa, ya ce an zalunce shi da waƙa, yana roƙon hukuma ta hana ta.

Ajidan ya ce ya cire tabarau tukuna. Sannan ya ce shi ba ya hukunci sai ya ga shaida, a kawo waƙar. Soji biyu suka tafi suka zo da Ma'u, da ƙorenta, da 'yan amshinta, agogon Lawali na walƙiya a hannunta. Aka ce ta yi. Ta ce, ranka ya daɗe, duka? Ya ce duka.

Ma'u ba ta taɓa samun taro irin wannan ba tun da take. Ta gyara zama ta saki murya. Layi ya yi tsit da farko don tsoron soja, sannan aka soma amshi daga can baya, ya taho gaba. Direbobi na buga ƙofar mota. Lawali na durƙushe kansa a ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan takalmin ajidan, ya ga ƙafar na hawa tana sauka, daidai kiɗan.

Da aka gama ajidan ya murza gashin baki, ya tambayi Lawali ko ya ci ragon. Ya ce ya ci, shi da jama'a. Ya jinkirta biya? Ya ɗan jinkirta. Ya sayar da radiyo ya biya? Ƙwarai kuwa.

Ajidan ya ce, "To ina ƙaryar? Waƙa daidai take. Laifin na masu tsayawa a tsakiya ne. Mu a soja, wanda ya kawo rabin rahoto ya fi wanda bai kawo ba laifi."

Nan take ya yanke: waƙa ba a hana ta ba, amma duk wanda ya soma ta dole ya kai ta ƙarshe. Wanda aka kama ya yanke ta kafin wurin biya, zai share filin rabo, ya kuma koma ƙarshen layi. Aka sa sanƙira ya bi unguwa-unguwa ya faɗa. Lawali ya buɗe baki zai ce ba haka yake nufi ba, ajidan ya dubi tsintsiya, sai ya yi godiya ya tashi.

Komawa ƙarshen layi a shekarar nan ba abin wasa ba ne. Mata suka shiga taitayinsu. Ko dakan ya ƙare, sai a tsaya da taɓarya a hannu a ƙarasa. In an hango kakin soja ta tsagin darni, ko ba a soma waƙar ba sai a ɗaga murya a ce Lawali ya biya, don gudun kuskure. Masu jakai in sun gamu da soja a hanya da shi suke gaisuwa. A hankali mutane suka ga farkon waƙar ne ke jawo tsintsiya, ƙarshenta kuwa ba a taɓa kama kowa a kansa ba, sai suka yar da farkon suka riƙe ƙarshen. Mutanen ƙauye suka tafi da shi ƙauyukansu, direbobi suka hau kwalta da shi.

Shi kuwa Lawali ya daina fita. Masallaci ma sai an tayar da salla yake shiga sahun baya, ana sallamewa ya sulale. Duk inda ya gifta sai wani ya ce masa ya biya, kamar shi bai sani ba. Ya gaya wa Habsatu shi kam ya gama, babu mutumin da sunansa ya kai nasa yawo a kan bashi daga nan har Damagaram, gara ya soma neman wanda zai karɓi jinginar gona tun da sauran daraja.

Ran da kamyon Alhaji Ummaru ya iso, hadari ya soma leƙowa ta gabas. Lawali na kwance ya juya wa ƙofa baya. Habsatu ta ɗauko buhu ta kakkaɓe shi, ta ajiye masa a kan ƙafa. Ta ce lokacin da ya kamata ya zauna ya fita, yanzu da ya kamata ya fita ya kwanta. In hana shi za a yi, ya je a hana shi a can, kada ya hana kansa a gida. In kuma ba zai je ba, ita za ta je ta faɗi sunansa da bakinta a gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta. Jin haka ya tashi.

Alhaji na zaune bisa kujera a gindin kamyo, tsoho ne mai ƙiba, da carbi a hannu. Mahauci na gefensa, da mai awo, da wata mai fura. Mutum ya matso ya faɗi sunansa, Alhaji ya dubi waɗannan ukun. In sun yi shiru a auna masa, in wani ya yi tari ko ya soma duban farcensa, Alhaji ya ce Allah ya kawo wani rabon. Shekarar kuwa wa ba a bi? Tari ya yi yawa ran nan, har mai fura ta shaƙe. Buhuna da yawa suka koma a ninke.

Layi ya zo kan Lawali. Ya faɗi sunansa a cikin gemu.

Alhaji ya ce, "Ɗaga murya, bawan Allah, ba sata ka zo yi ba."

Ya ce, "Lawali."

Akwai soja guda tsaye yana tsaron layi. Mutane suka ji sunan, suka dubi soja, sai layi gaba ɗaya ya amsa da ƙarfi, "Ya biya!"

Carbi ya tsaya a hannun Alhaji. Ya leƙa fuskar Lawali, ya ce kai ne? Ashe da gaske akwai ka? Ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce tun daga Damagaram direbansa ke huda masa kunne da wannan magana, a gidansa ma da ita ake daka, shi ya ɗauka mutumin tatsuniya ne aka ƙago don a ba masu cin bashi kunya. Ya juya wurin mahauci ya ce, da gaske ya biya? Mahauci, wanda ya riga ya shirya tarinsa, ya ce e to, ya biya, amma fa sai da zabiya ta yi kwana uku a ƙofar gidansa.

Alhaji ya ce, "Kwana uku? Ni akwai waɗanda nake bi tun kafin soja su hau. Bana daga Damagaram har iyaka wa ya biya wa? Ni kaina ana bi na. Mutum ɗaya na ji an ce ya biya, gari ya shaida, soja ya shaida. Ku auna masa."

Aka tambayi Lawali nawa gonarsa ke ci, ya faɗa a tsorace, ya rage ma. Alhaji ya ce a cika masa buhun. Lawali na ɗaure bakin buhu yana ta godiya, sai Alhaji ya yafuto shi ya matso da bakinsa kusa da kunnensa, ya ce wannan zabiyar, a wace unguwa take? Yana son ya san gidanta. Lawali ya gane inda maganar ta dosa, ya kwatanta masa. Alhaji ya ce madalla, Allah ya kai mu kaka lafiya.

Bayan kwana kaɗan ruwa ya sauka, na kirki. Lawali ya shuka gonarsa kaf, har ya sam wa maƙwabcinsa, uban Jamilatu, wanda aka yi wa tari. Damina ta yi kyau. Ran da aka yanke gero, kafin dami ɗaya ya shiga rumbunsa, ya yi hayar jakai ya kai wa wakilin Alhaji nasa, ya tsaya sai da aka auna a tsakiyar kasuwa a gaban mahauci.

Gona ta zauna a hannun Lawali, ita 'ya'yansa ke nomawa. Da aka buɗe iyaka ya koma shayinsa na Kano, amma bai sake sayen radiyo ba. Ma'u, Alhaji ya ɗauke ta ya kai ta Damagaram ta yi masa wata biyu a ƙofofin mutane, ta komo da atamfa da saniya, agogon kuma ta ci gaba da ɗaura shi har bayan ya daina tafiya. Jamilatu aka kai ta Tsauni, ta iske waƙar ta riga ta isa. Ajidan aka mayar da shi arewa, inda aka ce da kiɗan yake sa sababbin soja gudu. Hajiya A'i ta ci gaba da kiwon ragunanta, ba ta sake ba kowa bashi ba. Habsatu ba ta taɓa ce wa mijinta ai na gaya maka ba, sai dai in ya soma zancen sayen wani babban abu, takan tashi ta jawo turmi. Waƙar ta yi damina bakwai cif, har aka kai Fati da sa'o'inta ɗaki, kuma kafin ta mutu babu wanda ya tuna da akwai rago a cikinta.